Mace a Cikin Kwalbar Shaida

Karo na tara ke nan, kuma ta sake fitowa.

Na ƙura wa allon kwamfuta ido har hawaye suka taru ban ƙifta ba. Layuka ne ja da kore da shuɗi, sun jeru reras yadda suke jeruwa idan na'ura ta karanta jinin mutum. Amma babu jinin kowa a cikin wannan kwalbar. Ruwa ne zalla, ni na zuba shi da hannuna.

"Ta dawo ko?"

Muryar Mai Sanyi ce daga bayana. Haka kowa ke kiransa a cibiyarmu, don shi ke kula da manyan firizoji goma sha biyu da ke ƙasan bene, inda muke ajiye jinin da muke bincike a kai. Ban waiwaya ba. Na san yana tsaye da hannuwansa cikin aljihun farar rigarsa, yadda ya saba.

"Ta dawo."

"Ita ɗin ce dai?"

"Ita ce. Mace ce, kuma ko harafi ɗaya ba ta canza ba."

A aikinmu akwai ƙa'idar da ko ɗalibin da ya zo jiya ya sani. Duk ranar da za ka sa na'ura ta karanta DNA, wato rubutun halittar da ke cikin jikin kowane mutum, sai ka haɗa da kwalba guda wadda ba ka sa mata komai ba sai tataccen ruwa. Kwalbar shaida muke ce mata. Idan ta fito fayau, aikinka mai tsabta ne. Idan ta fito da rubutun wani, to wani abu ya kutsa cikin aikinka, kuma duk abin da ka samu ranar shara ne.

Shekara biyu na yi ina bin jinin yara ɗari huɗu, ina neman harafin da ke sa ciwon ƙoda ya bi gida ɗaya daga kaka har jika. Saura ƙiris in gama. Kujerar mai bincike guda ɗaya tak za a bayar a ƙarshen wata, kuma kowa ya san tsakanin mu biyu take, ni da wata babbar ɗaliba da muke kira Tsaf-tsaf saboda ko ƙura ba ta isa ta sauka a teburinta ba.

Sai ga wannan mace ta shigo rayuwata, mako uku da suka wuce.

Babu abin da ban canza ba. Na zubar da ruwan na ɗauko sabuwar gora daga sito. Na canza kwalabe, na canza safar hannu, na wanke teburin da maganin da ke sa ido yaji, har na koma wani teburin dabam. Ta biyo ni. A cibiyarmu duk wanda ya kama aiki sai an tsige masa gashi biyar da saiwarsu an karanta an ajiye, don in irin haka ta faru a san wanda ya yi sakaci. An gwada ta da mutum talatin da ɗaya, daga Farfesa har mai gadi. Ba ta yi daidai da kowa ba.

Mai shara ta daina goge wajen teburina. Idan ta iso nan sai ta zagaye da tsintsiyarta tana motsa baki.

"Ki tashi ki ci wani abu, zuciyata," in ji Mai Sanyi a hankali.

"Kada ka ce mini zuciyarka a nan. Bango ma kunne gare shi a ginin nan."

"To, Malama. Ki tashi ki ci wani abu."

Na juyo na harare shi, amma hararar ba ta yi nisa ba. Dogo ne siriri, ba ya da yawan magana, kuma duk zafin rana da doguwar riga yake yawo. Ya ciro hannu ɗaya ya ajiye mini ƙunshin burodi a wajen layin jan fenti, inda aka yarda a ajiye abinci. Yatsunsa duk sun tsattsage, biyu na naɗe da filasta. Sanyin firiza ne, haka yake cewa kullum.

Mako uku da suka wuce, a gaban firiza ta bakwai, wannan bawan Allah ya cire hularsa ya ce yana so ya aure ni. Ƙarar injin ta hana ni ji, sai da ya maimaita sau biyu. Na ce masa eh tun kafin ya rufe baki, don ni ba na iya jan aji. Baba ne ya ce a'a.

"Na ba masu farar riga 'ya ɗaya," in ji shi, bai ko ɗago daga jaridarsa ba. "Aikin da kike yi a can ma haƙuri nake da shi. Kada ki kawo mini mutumin ginin nan gidana."

Ranar Litinin Farfesa ya aiko a kira ni. Na tarar da Tsaf-tsaf zaune a ofishin, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, da takarda a cinyarta. Ta yi mini murmushin da take wa na'ura idan ta ba ta abin da take so.

"Faɗa mata abin da kika faɗa mini," in ji Farfesa.

"Ranka ya daɗe, kowa yana neman wanda ya yi daidai da matar nan. Ni sai na ce bari in nemi wanda ya yi kusa da ita." Ta miƙo mini takardar da yatsa biyu. "Mutum ɗaya ce a ginin nan. Ke ce. 'Yar'uwarki ce, uwa ɗaya uba ɗaya."

Ban karɓi takardar ba. Sai na ji ƙarar firizojin nan daga ƙasan bene tana taso mini ta tafin ƙafa, abin da ban taɓa ji daga hawa na biyu ba.

"'Yar'uwa ɗaya gare ni," na ce.

"To ai shi ke nan. Kina shigo da jinin 'yan gidanku a ɓoye kina musu gwaji da kayan cibiya. Ya zube miki a wani wuri, shi ne kike ta ɗora wa aljanu."

"Yayata ta rasu shekara bakwai da suka wuce."

Ko Tsaf-tsaf sai da ta sauke ƙafarta.

Farfesa ya cire tabarau ya murza idanunsa. Mutum ne da bai yarda da komai ba sai abin da aka auna.

"Matattu ba sa shiga kwalba," ya ce. "Wani ne yake shigo da ita. Kwamiti zai zauna ranar Alhamis. In kin nuna mana ta inda take shigowa, to. In ba ki nuna ba, ke kin san dokar gwajin ɓoye. Ba kujerar kawai za ki rasa ba, babu cibiyar da za ta ƙara ɗaukar ki."

Da yamma na koma gida na wuce kai tsaye ɗakin Yaya. Ba a kulle yake ba, ba dai mai shiga ne sai Umma, duk Asabar, ta share ta fito. Gadonta yana nan da zanen shuɗi. Takalmanta na gudu suna ƙarƙashin kujera, ɗaya ya kife, kamar yanzu ta tuɓe su. Agogon bangon ya tsaya tun ban san yaushe ba. Na ja aljihun madubi, ga matajinta, da gashinta a maƙale cikin haƙoransa.

"Me kike nema, Auta?"

Na zabura har matajin ya kusa faɗuwa. Umma ce a bakin ƙofa, da kwandon wanki a kwankwasonta.

Na faɗa mata komai. Ban iya yi wa Umma ƙarya, tun ina ƙarama take gane ni ta kunne.

Ta ajiye kwandon ta zauna a bakin gadon. Ta daɗe tana shafa zanen.

"Sau tara?"

"Sau tara, Umma."

"Ba ta taɓa zuwa mini ko a mafarki ba," ta ce, muryarta can ƙasa. "Shekara bakwai ina roƙo. Sai ta je wurinki, a cikin ruwa..."

"Umma, ba haka abin yake ba. Dole akwai hanya."

"Ku da hanyoyinku. Ki dai ɓoye matajin nan kada babanki ya gani."

Yaya ta girme ni da shekara biyar. Tana da ashirin da huɗu ta sa sunanta a jerin masu ba da ɓargo, sai aka kira ta aka ce akwai wani mai kansar jini da ɓargonta ya dace da nasa. Ba a faɗa mata ko wane ne ba, haka dokar take. Baba ya ce ba da yawunsa ba. Ta lallaɓa ta je, Umma ce ta raka ta. Da ya ji, ya daina amsa gaisuwarta. Wata goma sha ɗaya tana durƙusawa a ƙofar ɗakinsa kowace safiya, yana juya shafin jarida. Sai wata Laraba babbar mota ta bugi motarta a mararraba.

Laifin direban babbar motar ne, kowa ya gani. Amma Baba har yau cewa yake sun zuƙe mata ɓargo, jiri ne ya ɗebe ta a kan sitiyari. Ni na san ba haka ba ne. Na kuma san dalilin da ya sa yake buƙatar ya zama haka.

Washegari na kai wa Farfesa matajin, na ce a gwada a gabansa, kuma Tsaf-tsaf ce za ta yi da hannunta don kada a ce na taɓa. Ina fatan a ce kuskure ne. Da la'asar sakamakon ya fito.

Gashin Yaya da macen cikin kwalba mutum ɗaya ne, harafi da harafi.

"Kin gani ko, ranka ya daɗe?" in ji Tsaf-tsaf. "Ga shi ta kawo shaidar da kanta. Kayan marigayiyar suna hannunta."

Wato da hannuna na ɗaura wa kaina igiya. Wannan wauta irin tawa ce, ba na musu.

Na sauka ƙasan bene don in yi kukana inda ba mai ji. Fitilun barandun ginin nan ba sa kamawa sai sun ga motsi, suna kunnuwa ɗaya bayan ɗaya a gabanka suna mutuwa a bayanka. Na zauna a ƙasa na jingina da firiza ta bakwai. Can sai fitilar ƙarshen baranda ta kama, alhali ba kowa a wurin. Ta yi ɗan lokaci ta mutu.

Tsigar jikina ta tashi. Ni da nake wa mai shara dariya, sai ga ni ina magana da iska.

"Yaya... in ke ce, me na yi miki? Ke kika saya mini farar rigata ta farko. Ke kika ce in yi karatun nan ko Baba zai haɗiye jarida. Yanzu kuma ke za ki sa a kore ni?"

Firiza ta yi wani dogon nishi ta ci gaba da gurnaninta.

A yammacin Talatar nan na yanke shawarar abin da ya kamata in yi tun farko. Na ɗauko sabuwar gorar ruwa da hatiminta na ajiye a teburina da yamma, kamar kullum. Ranar Laraba da safe, ƙarfe shida da rabi, na shigo, awa biyu kafin kowa. Ban kunna fitila ba. Na shige ɗan ɗakin wanke kwalabe na ja ƙofar, na bar 'yar kafa da zan riƙa hango teburina.

Minti ashirin babu komai sai ɗigar famfo.

Sai fitilar baranda ta farko ta kama.

Ta biyu ta kama.

Ta uku...

Na toshe bakina da hannu biyu. Wallahi a wannan lokacin da na ga takalman gudu sun shigo da ba zan yi mamaki ba.

Ƙofa ta buɗe. Mai Sanyi ne.

Ya waiwaya hagu da dama, ya nufi teburina kai tsaye. Ya ɗauki gorar ya gwada murɗa murfin, safar hannunsa ta zame. Ya cire safar da haƙori, ya kama murfin da yatsunsa tsirara ya murɗa da ƙarfi har hatimin ya ce ƙas. Sai ya mayar da murfin ya ɗan ɗaure shi sako-sako, ya ajiye gorar daidai inda ya ɗauke ta, ya juya tambarin ya kalli kujerata. Har da ɗan murmushi.

"Me kake yi?"

Ya yi tsalle ya bugi kujera.

"Zuciyata... yaushe kika..."

"Na ce me kake yi da ruwana?"

"Murfin ne." Ya sunkuyar da kai kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. "Ranar nan kin ce murfin gorar yana sa miki ciwon wuyan hannu. Shi ne nake zuwa da wuri in sassauta miki. Ba na taɓa ruwan, wallahi. Murfin kawai."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da kika ce eh."

Mako uku. Na tuna na yi ta yabon kamfanin gorar a raina, wai sun gyara murfinsu.

Na kunna fitilar tebur na ɗaga gorar. A bakinta, cikin zaren murfin, ga wani ɗigo ja da bai kai kan allura ba. Na kama hannunsa na juya. Babban yatsansa ya sake tsagewa, jini yana tsattsafowa.

"Amma an gwada ni," ya ce. "Gashina yana cikin littafi. Kuma mace kuka ce."

Ina riƙe da hannunsa wani darasi da na karanta a shekarata ta uku ya faɗo mini. Na ja kujera na zauna.

"Jinyar da ka ce ka yi kana saurayi. Wace iri ce?"

Ya kawar da kai.

"Ka dube ni. Wace iri ce?"

"Kansar jini." Ya dube ni. "An yi mini dashen ɓargo. Na warke, likita ya sallame ni tuni. Fatar hannun nan ce kawai ta ƙi komawa daidai. Ban faɗa wa kowa a nan ba, don da zarar mutane sun ji sai su fara kallonka kamar gawa mai tafiya. Na so in faɗa miki. Kullum sai in ce gobe."

"Ka san ɓargo ne ke yin jini?"

"Na sani."

"To gashinka naka ne. Fatarka taka ce. Amma jinin da ke jikinka, rubutun wanda ya ba ka ɓargon yake ɗauke da shi. Har abada."

Na ga maganar tana shiga kansa a hankali. Shi injin sanyi ya karanta, babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya faɗa masa wannan.

"Shekara nawa ke nan?" na tambaya.

"Takwas, watan gobe."

"Wa ya ba ka?"

"Ba sa faɗa. Sun ce dai mace ce 'yar ashirin da huɗu." Ya ciro walat ɗinsa, ya zaro wata takarda da ninki ya cinye gefenta. "Wannan kawai aka kawo mini. Babu suna."

Ban buƙaci karantawa ba. Daga nesa na gane rubutun Yaya ne, mai karkata baya, irin na bahaguwa. Ita ce ta koya mini rubuta sunana.

Ban san lokacin da na kifa fuskata a tafin hannunsa ba. Yana ta cewa in yafe masa, ni kuma ina jin bugun jijiyarsa a goshina. Shekara guda ina son mutumin nan, ina cewa ban san abin da ya sa nake samun natsuwa kusa da shi ba.

"Gobe zan je gaban kwamiti," ya ce.

"Za su iya korar ka. Ka taɓa kayan gwaji ba safa."

"Su kore ni. Firiza tana ko'ina. Ke aikinki a nan yake."

"Ba shi ke nan ba." Na ɗago. "In ka faɗa a can, sai ya kai kunnen Baba. Shi a wurinsa kai ne mutumin da aka kashe masa 'ya dominsa. Da ƙin ka yake don kana aiki a ginin nan. Yanzu ban san abin da zai yi ba."

"In muka yi shiru fa?"

"A kore ni gobe. Kai ka tsira, Baba ba zai taɓa sani ba."

Ya ninke takardar ya mayar a walat.

"Ta ba ni ɓargonta ba ta san ni ba. Ni kuma in biya ta da lalata wa ƙanwarta rayuwa? Ba zan iya kwana da jinin nan a jikina ba, masoyiyata."

Ranar Alhamis, a gaban mutum biyar, ya tsige gashinsa ya ajiye a faranti ɗaya, ya huda yatsa ya ɗiga jini a wani. Tsaf-tsaf ta karɓa ta shiga ɗakin na'ura. Da ta fito da yamma fuskarta ta koɗe.

"Gashin namiji ne, nasa," ta ce. "Jinin kuma... ita ce."

Farfesa ya daɗe yana kallon takardun biyu. Ya yi wa Mai Sanyi faɗan da ya kai rabin awa, ya hana shi shiga ɗakin gwaji har illa ma sha Allahu, ya ce ya tsaya wurin firizojinsa. Daga ranar aka canza doka, duk sabon ma'aikaci gashi da jini zai bayar. Ni kuma aka ba ni mako biyu in maimaita gwaje-gwajen da suka ɓaci. A baranda Tsaf-tsaf ta tsaya kusa da ni ta ce, "Allah ya jiƙan ta," ta wuce ba ta kalle ni ba. A wurinta wannan ban haƙuri ne babba.

Na murɗe murfin gorata da kaina, wuyan hannuna ya yi ciwo. Karo na goma kwalbar shaida ta fito fayau, allo fari fes babu ko layi ɗaya. Abin da na yi mako uku ina roƙo ke nan. Na zauna a gabansa na yi kuka kamar ranar aka yi rasuwar.

Kujerar ta zama tawa a ƙarshen wata. Saura Baba.

Umma na fara faɗa wa, a kicin. Ta saki ludayi a ƙasa. Da ta gama share hawaye tambayarta ta farko ita ce, "To ai ya zama ɗan'uwanki, auren zai yiwu?"

"Na tambayi malami, ya ce babu abin da ya hana. 'Ya'yanmu ma rubutunsa za su ɗauka, ba nata ba."

"Ki ce ya zo. In babanki zai kore shi, ni dai in gan shi tukuna."

Ya zo ranar Asabar da hantsi. Ya durƙusa a ƙofar falo, daidai wurin da Yaya take durƙusawa, bai sani ba. Baba yana kujerarsa da jarida.

"Na ce kada a kawo mini shi."

"Ni na kawo kaina, Baba," in ji Mai Sanyi. "Akwai saƙon da ya fi dacewa da hannunka fiye da nawa."

Ya faɗi komai, bai rage ba, bai yi ado ba. Ina kallon yatsun Baba suna matse jaridar har ta yage.

"Kai ne?" Muryarsa ta fito kamar ba tasa ba. "Kai ne wanda... Tashi ka fita. Ka fita kafin in faɗi abin da..."

Mai Sanyi bai tashi ba. Ya miƙa takardar da hannu biyu, ya ajiye ta a kan gwiwar Baba.

Baba ya ɗaga hannu zai ture ta, sai idonsa ya faɗa kan rubutun. Hannun ya tsaya a sama. Ya lalubi tabarau bai samu ba, alhali yana goshinsa.

"Auta. Karanta."

Na durƙusa na karanta.

"Ban san ka ba, kuma sun ce ba za a bari in san ka ba. Allurar ta yi zafi, kada wani ya ce maka ba ta yi ba. Babana yana fushi da ni saboda kai, amma kada ka damu, zai huce. Fushinsa a baki ne kawai, na san kayana. Kai dai ka warke, ka riƙa cin abinci, kada ka sa in yi asarar wahalata."

Umma tana bayan labule, ina jin shessheƙarta.

Sai Baba ya sauko daga kujerar, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba, ya zauna a ƙasa gaban Mai Sanyi. Ya kama wuyan hannunsa ya ture hannun rigar sama. Ya ɗora yatsu biyu a kan jijiyar.

"Wannan da ke bugawa," ya ce ba tare da ya kalle ni ba. "Nata ne?"

"Jinin nata ne, Baba."

"Bai ƙare ba? Shekara takwas?"

"Ba ya ƙarewa. Ɓargonta yana yin sabo kowace rana. Na safiyar yau ma ita ta yi shi."

Ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa hannun. Kafaɗunsa suka fara rawa. Uwata yake kiran Yaya tun tana goye, kuma shekara takwas ba mu ji kalmar a bakinsa ba.

"Uwata..." ya ce a hankali. "Lafiya lau na kwana. Kin ji? Na amsa. Na huce tun tuni, girman kai ne ya riƙe mini baki."

Mai Sanyi hawaye na zuba a gemunsa, amma bai janye hannun ba, ko motsi bai yi ba.

Can Baba ya ɗago ya share fuskarsa da yagaggiyar jaridar. Ya ƙare wa Mai Sanyi kallo daga sama har ƙasa, ya ɓata rai irin yadda ya saba.

"Ka turo manyanka," ya ce. "Amma dubi yadda ka rame. Ta ce ka riƙa cin abinci. Ka ci yau?"

"A'a, Baba."

Ya juyo gare ni, har yanzu yatsunsa biyu suna kan jijiyar.

"Auta, me kike jira? Yayarki tana jin yunwa."